Baƙin da Baba Ya Tare da Sanda

Ko zan manta komai na zaman aurena, ban da Kirsimetina ta farko a ƙauyen mijina, can kan tudu bayan Shanga, shekarar da aka ba mu jihar Kebbi. Ni 'yar Yelwa ce, na ɗan taɓa sakandare, don haka na iso ƙauyen da akwati ɗaya da girman kai buhu guda. Fasto ba ya leƙo Kiristocin ƙauyen sai jefi-jefi. Mai karanta musu Littafi Mai Tsarki shi ne yayan surukina, dattijon da kowa ke kira Baba.

Burina a lokacin a ba ni koyar da zumuntar mata, wannan kuwa sai da yardar Baba. Da na ji ba su taɓa yin wasan kwaikwayon haihuwar Yesu ba, sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, a nan zan nuna musu boko. Makiyaya ba su yi wuyar samu ba, kowa da sandarsa. Inna, uwar mijina, ta ara mana komin awakinta. Sarakuna uku na gabas kuwa, na aro musu riguna da rawuna wurin masu sarin albasa, na naɗa mijina da abokansa biyu, na yanko tauraro daga gwangwanin madara na kafa a kan gora.

Ranar gwaji da hantsi kowa ya taru, don an gama girbi. Makiyaya sun durƙusa, sarakunana sun taho suna taƙama, sai Baba ya miƙe ya gitta musu sanda.

"Ku tsaya nan! Waɗanga 'yan kasuwa hwa, wa yag gayyato su?"

Na ce, "Baba, sarakuna ne uku, tauraro suka biyo."

"Wane tauraro? Ɗiyata, na hi shekara ashirin ina karatun wanga Littahi. Makiyaya na sani, mala'ika na sani. Mai ƙara ma Maganar Allah gishiri ba ya koya ma matanmu komi."

Inna ta sunkuyar da kai, mijina kuwa ya shiga warware rawani a hankali kamar ba da shi ake ba. Maimakon in ji kunyar suruki, sai na ruga ɗaki na ɗauko Littafina. Baba ma ya zaro nasa daga jakar fata. Sabon Alkawari ne marar bango, wani mai bishara ya bar masa. Ina leƙawa na ga shafinsa na farko ya fara ne daga Yahaya yana yi wa mutane baftisma a kogi. Ganyayen farkon Matiyu sun ɓace tun kafin littafin ya zo hannunsa, labarin haihuwa na Luka kaɗai ya sani.

Na gyara murya na karanta musu labarin Matiyu kamar mai labarai a rediyo. Baba ya saurara idonsa a rufe. Na gama ina jiran tafi, sai ya ce, "Maimaita mani inda anka ce su uku na."

Na duba sama na duba ƙasa, babu. Kyautai ne guda uku.

"To, inda anka ce sarakuna?"

Shi ma babu, masana taurari aka ce. Ya tambayi komin dabbobi, na ga Matiyu cewa ya yi cikin gida suka sami yaron, makiyaya kuwa ko sunansu bai kira ba. Wuri ya kaure da dariya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe wasan cocinmu na Yelwa na haddace, ba Littafin ba.

Wata tsohuwa ta ce, "To Baba, Luka da Matiyu, wa ag da gaskiya?"

Ya daɗe yana juya littafinsa. Can ya ce, "In ni da matata munka tahi kasuwar Yauri, na dawo da labarin jirage, ita ta dawo da na kihi, wa yay yi ƙarya? Luka ya tsaya wurin talakawa irinmu, Matiyu ya tsaya wurin baƙi. Yaron dai guda na, kuma kowa yaz zo mai."

Ya yanke hukunci baƙin su shiga, amma sai makiyaya sun tashi, kuma a tuɓe musu sarauta. Sannan ya miƙo mini littafinsa da hannu biyu. "Ɗiyata, rubuta mani abin da yaɓ ɓace. Lahadi ki karanta ma mata, amma abin da ke rubuce."

Na kwafe surori biyun da suka ɓace da hannuna a takardar makaranta, na ɗinke masa da zare da allura. Ban taɓa jin tausayin mutum da girmansa lokaci guda irin na ranar ba. Tun daga nan na koyi cewa kafin ka ce ɗan'uwanka ya yi ƙari, ka duba ko naka ne ya ragu. Kafin kuma ka yi wa mai yagaggen littafi dariya, ka tabbata ka karanta naka cikakken.