Tagar da Kaka Ta Sha Hantsi

Ko zan manta da sunan titinmu na Bobigny da ke gefen Paris, ba na jin zan taɓa manta lokacin sanyin da kakata ta ɗaure akwatinta ta ce ta bar mana Faransa. Wajen tsakiyar shekarun 1980 ne, ina ɗan saurayi mai bakin tsiya, wanda ba ya iya ba da labarin kyanwa sai ya mai da ita damisa.

Babanmu ɗan kasuwa ne, yana aika kaya Damagaram. Ya sayi wani tsohon gida mai tagogin katako da suka girme shi. Gilashinsu falle ɗaya ne, katakon duk ya tsattsage, iska tana shigowa tana fito kamar mai kiran kare. Da safe ƙanƙara muke kankarewa daga ciki. Ni kuwa a makaranta cewa nake yi idan Baba ya yi mini faɗa a falo, maganar daskarewa take yi a iska, sai an kunna murhu take narkewa in ji ta.

A wannan gidan aka sauke Kaka, mahaifiyar Baba, wadda aka kawo don a yi mata aikin gwiwa. Likita ya ce sai ta zauna har bazara, in ta koma da wuri ƙafar na iya sandarewa gaba ɗaya. Amma sanyi ya sa ta daina fitowa daga bargo, ta daina ma tsokanata. Wata safiya muka tarar akwatinta na ƙarfe a bakin ƙofa, an ɗaure shi da igiya.

"Gara in yi rarrafe a garinmu da in bushe a nan kamar kilishi," in ji ta.

Baba ya durƙusa ya roƙe ta. "Inna, ki ba ni lokaci kaɗan. Tagogin nan duk zan sauya su."

Shawararsa irin ta gida ce. A Damagaram taga ƙarama ake yi, can sama, don kada rana ta shigo. Sai ya ce babbar tagar falo za a toshe rabinta da bulo, a sa gilashi mai duhu, irin wanda ƙaninsa ya sa a Lyon yana ta yabo a waya. Da yake an yi wa kawun nawa haihuwa, muka hau jirgin ƙasa mu uku zuwa suna, ni da Baba da Kaka, wadda ta yarda ne kawai don jariri.

Kawu ya tarbe mu, tun ba a gama gaisuwa ba ya ja Baba wajen tagoginsa. Na alminiyom ne, gilashin baƙi wuluk kamar na motar minista. Da azahar ma fitila a kunne take. Ni dai sai da na taka ƙafar baƙi biyu kafin na gano inda aka ajiye naman suna.

Kaka ta dogara sandarta ta je ta ɗora bayan hannu a kan ƙarfen tagar. Ta ɗago hannun a jiƙe.

"Ƙarami, wannan ai randa ka saya," ta ce wa Kawu. "Duk abin da ke zufa haka, sanyaya na cikinsa yake yi."

"Inna, ai zamani ne."

"To, zamanin ya hana ka ganin fuskar ɗanka. Kai shi waje in gan shi."

Washegari Kawu ya raka mu shagon da ya yi sayayya, Kaka ta ce ƙafarta ƙafarmu. Mai shagon wani Bature ne mai gashin baki kamar tsintsiya. Baba yana jin Faransancin ciniki sarai, amma kunya ba ta barinsa ya tsaya yana fassara maganar mahaifiyarsa, don haka ni na zama tafinta.

Baturen ya nuna mana wani yanki na taga da aka yanka don a ga cikinsa. Gilashi biyu ne, da iska a kulle tsakaninsu, wai ita ke tare sanyi. Kaka ta juya shi ta ce wannan ai riga biyu ce, ba sabon abu ba ne. Daga nan ta bi tagogin da ke jere a rumfar waje tana ɗora musu bayan hannu ɗaya bayan ɗaya. Ta taɓa alminiyom ta janye da sauri. Ta taɓa farar roba ta taɓe baki. Ta taɓa katako mai kauri, da roba a gefensa mai toshe iska, sai ta bar hannunta a kai.

Baba ya fara bayanin bulo da baƙin gilashi. Kaka ba ta jin Faransanci, amma ta ga yana rage tagar da hannuwansa. Ta zungure ni da sanda.

"Mijin banza, faɗa wa mutumin nan kada a taɓa mini babbar taga. Ta nan zan sha hantsi."

Nan na maƙale. Na laluba duk Faransancin da na kwaso a makaranta ban samu hantsi ba. Rana dai suna da ita, amma wannan ranar ta safe mai taushi, wadda tsofaffi ke shimfiɗa tabarma su miƙe ƙafa a cikinta, ba su yi mata suna ba. Sai na ce masa kakata tana shan rana kowace safiya kamar yadda shi yake shan kofi, kuma in ba ta sha ba ba a zaman lafiya a gidan. Na ƙara da cewa a garinmu kofi uku take shanyewa kafin ta yi magana da kowa.

Baturen ya yi dariya har gashin bakinsa yana rawa. Ya tambayi inda tagar ke kallo. Baba ya san alƙiblar falonsa, don haka nan take ya ce tsakanin gabas da kudu. Mutumin ya cire hularsa ya ɗan rusuna wa Kaka. Ya ce wannan tagar murhu ce ta kyauta, a bar ta da girmanta, a sa mata farin gilashi mai falle biyu. Bulon Baba kuma a kai shi tagar arewa, wadda rana ba ta leƙawa.

"Me ya ce?" in ji Kaka.

"Ya ce zai kawo sadaki, amaryata."

"Ka ce masa ya fi ka hankali, amma ya aske gashin bakin tukuna."

Baba bai yi gardama ba, ko da yake na katakon ya fi tsada. Da muka koma Paris ya nemi irinsa a kusa da mu, aka zo aka auna aka tafi. Duk lokacin jiran nan akwatin Kaka yana bakin ƙofa da igiyarsa, muna tsallake shi.

Bayan an sa tagogin, abu na farko da muka lura shi ne shiru. Fiton nan ya ɗauke. Amma sama ta ƙi buɗewa, akwatin Kaka kuma yana nan a bakin ƙofa. Sai wata safiya ina shirin makaranta na ga haske ya kwanta a tsakar falo, faɗinsa kamar tabarma. Kaka ta fito ba bargo, ta zauna a cikinsa ta rufe ido.

"Kai, jawo mini akwatin nan," ta ce.

Na zaci tafiya za ta yi. Na jawo shi. Ta ɗora ƙafarta mai ciwo a kai, daidai inda hasken ya fi ƙarfi, ta ce in kwance igiyar in kai wa uwata ta yi shanya.

Ta zauna har bazara, ta koma Damagaram tana takawa da ƙafarta. Ni kuwa yanzu da furfura ta fara kama ni, duk gidan da na shiga a ƙasar sanyi sai na duba inda hantsi ke faɗowa. Kaka ta koya mini cewa abin da ka saba gudu a gida yana iya zama abin da za ka nema a baƙunta, kuma kafin ka gyara wa mutum ɗaki, ka fara tambayarsa inda yake son zama.