Doguwar "ye" ta Yaya Chun-bae

Da hantsin ranar Talata, sha tara ga Agusta, muka fito da gawarka daga rumbun kifin jirginmu a gaɓar Tongyeong. Shekararka sittin da ɗaya, Yaya Pyo Chun-bae, talatin daga ciki a kan ruwa ka yi su.

Ban taɓa jin ka ce wa babba a'a ba. Kamar kowa a nan, in na gaba ya yi magana sai ka rusuna ka ce "ye", wato to. Amma taka kala biyu ce. Gajeriyar yarda ce tsakani da Allah. Doguwar, wadda kake ja kana kallon ƙasa, ma'anarta: na ji, amma akwai haɗari. Tsohon mai jirginmu ya san wannan. Da ya ji ta sai ya cire hula ya ce, "To Chun-bae, faɗi abin da ka hango." Sau biyu ya fasa fita saboda ita, sau biyun kuma teku ta ci wasu.

Da ita ka riƙa raba mu faɗa. Abokan aikinmu Man-sik da Du-cheol za su kaure a kan raga, ka ce wa wannan haka ne, ka ce wa wancan haka ne, har dariya ta kama su. Shekarar da na karye a hannu, wata biyu kana ɗaukar aikina, da yamma kuma ka kawo mini miyar kifi daga wajen matarka, ka ce wai ta yi muku yawa.

Bara tsohon ya rasu, ɗansa ya dawo daga Seoul ya karɓi jirgin. Shi duk "ye" ɗaya ce a kunnensa.

Ranar Talatar, kifi ya kwana uku yana ruɓa a rumbu cikin zafi, fankar da ke fitar da iska kuma ta mutu. Sabon mai jirgin ya ce a sauka a wanke. Layina ne. Kafin in buɗe baki ka riga ni amsawa. Ka ja "ye" ɗin fiye da yadda na taɓa ji, kowa ya tsaya da abin da yake yi. Shi kuwa ya duba agogo ya ce, "Yawwa, a yi sauri."

Ka miƙo mini hularka, ka ce, "Riƙe mini, ƙane, kar ta yi wari." Ba ka kai ƙarshen tsanin ba gurɓatacciyar iskar rumbun ta kayar da kai. Mu shida muka fahimci abin da kake nufi, babu wanda ya fassara masa. Wannan zan mutu da shi.

Mai jirgin ya zo wajen makoki, ya kunna maka turare, ya durƙusa sau biyu gaban hotonka. A bakin ƙofa, yana saka takalmi, ya ce mana Litinin za a koma aiki. Fankar tana nan yadda take. Muka rusuna muka amsa. Man-sik ne kawai ya ja tasa, shi ma a hankali.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya ba ka wuri mai faɗi da sanyin iska. Ya ba matarka Mal-sun da 'yarka Hye-ran haƙurin wannan rashi. Mu da za mu hau jirgin nan jibi, Allah Ya buɗe mana baki kafin a aiki wani ƙasa.