Maɓallin da Na Mayar Masa

Ni tela ne, kuma tela ba ya iya aiki shiru. Ƙafa tana kan keke, kunne yana wajen rediyo. Shagona yana bakin kasuwar Sheme, ɗaki ɗaya da rumfar kwano a gabansa. A ƙarƙashin rumfar nan majalisarmu take zama duk ranar kasuwa, daga bayan azahar zuwa lokacin da motoci za su fara juyawa gida. Ba siyasa muke yi ba, ba ƙwallo ba. Gardamar waƙa ce ta haɗa mu, kuma ita ta riƙe mu shekara biyar.

Mu goma sha ɗaya ne, kuma da gangan muka tsaya a haka don kada ƙuri'a ta yi kunnen doki. Akwai wani Alhaji mai sayen hatsi daga Ƙanƙara, da Malam mai koyarwa a firamare a Faskari, da wani mai barkono daga Sabuwa. Sauran 'yan Tafoki ne da na cikin gari. Sai taubashina, ɗan gwaggona, yayar mahaifina. Manomi ne a Ruwan Godiya, ya girme ni da shekara biyu. Tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba a tsokani juna ba. Ina kiransa bawana, shi ma haka yake kirana, kuma duk dangi sun gaji da raba mu.

Ga yadda muke yi. Idan kaka ta yi, sai mu zaɓi kaset takwas. Kaset muke cewa har yau, ko da yake tuni waƙoƙin suka koma cikin memori. Ni nake rubuta sunayensu a jikin kwali da allin da nake zana yadi, biyu-biyu, in kafe a bango. Kowace kasuwa biyu za su kara, sili ɗaya ƙwale, wanda ya faɗi ya fita. Kafin a watse nakan ba kowa maɓalli biyu daga cikin kayan aikina, fari da baƙi, a ce fari na wannan kaset ne, baƙi na wancan. Mutum ya tafi gida da su, ya yi mako yana saurare a gona ko a kan hanya. Ranar kasuwa ya dawo ya dunƙule hannu, ya jefa ɗaya a gwangwanin madara da na huda wa murfi. Kaset ɗin da ya cinye duka, shi ake fara sawa a shagona duk safiyar kasuwa har wata kakar, kuma ba wanda ya isa ya ce a canza. Ladan ke nan. Ba sisi, ba kofi. Amma da za ka ga yadda dattawa masu gemu suke tayar da jijiyar wuya a kai, sai ka rantse gadon gona ake rabo.

Doka ɗaya ce tawa ta kaina. A shekara ta biyu muka ƙirga maɓallai muka ga sha uku. Alhaji na Ƙanƙara ya ce wai abokan cinikinsa biyu ne suka ba shi saƙo. Ranar na buga almakashi a kan tebur na ce daga yau ba aike, ba waya, ba wakili: hannun mutum ne zai jefa ƙuri'arsa. Kowa ya yarda. Ina da taurin kai, na sani, kuma a lokacin ina ɗaukarsa ado.

Kaset ɗina na wani matashi ne mai waƙoƙin soyayya, irin na situdiyo. Taubashi yakan ce muryarsa kamar an kulle kyanwa a cikin gwangwani. Nasa kuwa tsohon kaset ne na wani makaɗin noma da ya daɗe da rasuwa, ganga da amshi kawai, ana kiran manoma ana zuga su. Ni kuma ina ce masa wannan ba waƙa ba ce, tari ne tsoho yake yi ana buga masa ganga don kada ya ji kunya. Shekara huɗu yana kawo kaset ɗin nan, shekara huɗu ana kayar da shi tun a zagayen farko ko na biyu. Ba ya fushi. Sai ya kaɗa rigarsa ya ce mai haƙuri shi kan dafa dutse, ya sha romo a gabana ina kallo.

A shekara ta biyar abin ya juya. Ban san ko don mutane da yawa sun bar gonakinsu na nesa ba ne, amma waƙar noma ta fara shiga jikin majalisa. Mai barkono daga Sabuwa, wanda da shi nake dariyar tsohon, na kama shi yana amshi a hankali. Kaset ɗin Taubashi ya kayar da na farko, ya kayar da na biyu. Nawa ma haka. Sai ga mu a zagayen ƙarshe: nawa fari, nasa baƙi.

Shekarar ce hanya ta lalace sosai, kuma aka katse layin waya a yankinmu. Ka riƙe waya a hannu kamar ka riƙe dutse. Labari ya koma bakin direbobi. Taubashi ya zo kasuwar da aka raba maɓallan ƙarshe, ya karɓi nasa ya tafi, daga nan bai sake zuwa ba. Muka ɗaga zaman mako ɗaya, muka sake ɗagawa. A na uku Alhaji ya ce a yi ta ta ƙare, don shi ma zagaye yake yi mai nisa kafin ya iso.

Da safiyar ranar, direban da ke jigilar mutanen Ruwan Godiya ya tsaya a ƙofar shagona ya miƙo mini ƙullin leda. Na kwance, na ga baƙin maɓalli. Ya ce Taubashi yana gaishe ni, ya ce Gwaggo ta hana shi fitowa sai hanya ta lafa, ga ƙuri'arsa a jefa masa. Na sa a aljihun tebur.

Bayan azahar mutum goma suka jefa. Na juye gwangwani a kan tebur: fari biyar, baƙi biyar. Direban yana nan tsaye yana jiran fasinja, shi ya tona cewa akwai na sha ɗaya a aljihun tebur. Majalisa ta ɗauki shewa, 'yan baƙi suka fara tafi. Ni kuwa na mayar da maɓallai goma cikin gwangwani, na rufe, na ce doka doka ce.

Malam na Faskari ya fi mu sanyin rai. Ya dube ni ya ce, "Tela, dokar nan ta lokacin zaman lahiya ce. Kowa ya san abin da zai jehwa. Ka sa mashi kawai."

Ban sa ba. Na ƙulle maɓallin a ledarsa, na danƙa wa direba a gaban kowa, na ce, "Ka ce ma bawana, in namiji ne ya kawo da hannunshi. Gwangwani na nan na jiran shi."

Aka yi dariya, har da direban. Na ji daɗin dariyar nan, ba zan ɓoye ba.

Na daɗe ina auna abin da ya sa na yi haka. Ba doka ba ce, wannan ƙarya ce da na yi wa majalisa. Rabi ba na son faɗuwa ne, ina so in ƙara mako ɗaya kafin tsohon nan mai tari ya mamaye mini shago. Rabin kuma kewarsa nake yi. Mako uku ba wanda ya kira ni bawa. Idan har zan faɗi, ina so ya kasance yana zaune a kan bencin nan yana yi mini dariya. Amma tsakanin taubasai ba a cewa na yi kewarka, sai dai a ce in ka isa ka zo.

Kasuwar da ta biyo, na share rumfa da wuri na ajiye gwangwani a kan tebur. Hantsi ya yi, motar Ruwan Godiya ba ta iso ba. Wajen azahar wani ya shigo kasuwa a ƙasa, ba takalmi, mutane suka kewaye shi. Ɓarayin daji sun tare hanya da safe. Sun tafi da wasu, wasu sun tsere, biyu sun rasu nan take. Ban matsa kusa ba. Ina tsaye da almakashi a hannu Malam ya rabu da taron ya nufo ni, kuma tun daga yadda ya cire hularsa ya sake mayarwa na gane Taubashi yana cikin biyun.

Ban samu jana'iza ba. Sai washegari muka samu shiga cikin ayari. A wajen zaman makoki kowa abu ɗaya yake faɗa: buhun masara ya ɗauko zai kai kasuwa, kwana ya ƙare. Na riƙe maganar buhun masarar nan hannu bibbiyu. Manomi ne, kaka ta yi, yana da iyali, dole ya sayar da hatsi. Wataƙila ma direban ya manta da saƙona, ko ya yar da ledar a hanya. Direban ya tsira, yana cikin waɗanda suka faɗa daji. Sau biyu na hango shi a Sheme bayan haka, sau biyu na sauya hanya. Tambaya ɗaya ce tsakanina da shi, kuma ba na son amsar. Da na shiga gaishe da Gwaggo kuwa, ɗakin cike yake da mata, na durƙusa daga bakin ƙofa na yi addu'a na fito ban ɗaga kai ba.

Gwangwani ya koma bayan tarin yadi. Majalisa ba ta sake maganarsa ba. Rediyo ma na daina kunnawa, har masu kawo ɗinki suna tambaya ko ya lalace ne.

Bayan sadakar arba'in Gwaggo ta yanke shawarar barin ƙauye, ita da matar Taubashi da 'ya'yansa, su koma wajen dangi a Faskari. Motarsu ta tsaya a Sheme da hantsi. Ina kan keke na ga tsohuwa tana jan ƙafa zuwa rumfata ita kaɗai. Na tashi da sauri na shimfiɗa mata tabarma, na durƙusa. Ta rame ƙwarai. Muka gaisa, ta tambayi yara, ta sha ruwa. Sannan ta jawo bakin zanenta ta fara kwance wani ƙulli da haƙori, don yatsunta sun daina iya wa ƙulli.

Leda ce. Ƙullina ne ma a jikinta, irin wanda nake yi wa zare.

Ta ce a aljihun rigar Taubashi masu wankan gawa suka same ta. Ta ce ranar ta hana shi fita, har ta zauna a bakin ƙofa. Masarar ma ba ta sayarwa ba ce, daga rumbu ya ɗebo don ta bar shi ya tafi. Yana ɗaura buhun yana dariya, ya gaya mata gaskiya: wai akwai amanar da zai kai wa bawansa, kuma bawan ya ce ba ya karɓa sai daga hannunsa.

Ba da faɗa ta faɗi wannan ba. Da ta yi faɗa, da ya fi mini sauƙi. Ita dai ta san ɗanta ya mutu da amana a aljihu, kuma tana tsoron kada a tambaye shi ita a can.

Ta miƙo mini maɓallin a tafin hannunta, ta ce, "Ɗan nan, hannunshi dai ba ya nan. Nawa ya yi?"

Na tashi na tono gwangwanin daga bayan yadi, na durƙusa na riƙe mata shi. Ta laluba hudar da yatsa ta jefa. Na juye a kan tabarma na ƙirga a gabanta, hawaye na hana ni gani: baƙi shida, fari biyar.

Ta ce, "Mi ke nan?"

Na ce, "Ya ci, Gwaggo."

Ta gyaɗa kai kamar an sauke mata kaya. Ta ce, "To madalla. Da ma ya ce in ya ci, sai ya kwana ukku gidanka yana yi maka dariya." Ta dafa kafaɗata ta miƙe, na raka ta mota. Na so in ce ta yafe mini, na buɗe baki, sai ta riga ni: ta ce Allah Ya yi mini albarka, in riƙa leƙo marayun nan.

Majalisa ba ta sake cika sha ɗaya ba. Alhaji ya sauya kasuwa, mai barkono ya bar Sabuwa, 'yan Tafoki sai jefi-jefi. Ba mu sake kafe kwali a bango ba, don haka ba wanda ya karɓe kambun. Doka ta ce kaset ɗin da ya ci shi ake fara sawa duk safiyar kasuwa har a yi wata gasar. Kaka nawa ta wuce yanzu, kuma duk safiyar kasuwa nakan share rumfa, in jawo benci, in kunna tsohon nan ya yi ta tarinsa. Na haddace amshin kaf. Waƙar tana da daɗi, kuma ba ni da wanda zan ɓoye wa hakan.