Tramol Ne, Ba Aljanu Ba

Salamu alaikum 'yan uwa. Shekaru ke nan kuna tambayata me ya same ni shekarar farin nan da na ɓace daga fadarmu ta hira da shayi wata huɗu, ni kuma kullum in ce iska ce ta buge ni. Ƙarya nake yi. Yau zan faɗa, ko da yake kunya kamar ta kashe ni.

Shekarar da gero ya ƙone a tsaye, na baro Garagumsa na shigo Damagaram neman abin kai wa gida. Na samu aikin ga-ruwa, ina tura kura daga famfo zuwa kartiye-kartiye, wato unguwanni. Ƙirjina ya kasa. Wani abokin turi ya jefa mini tramol a shayi, ya ce da wannan ko jaki sai ya sallama mini. Da ƙwaya ɗaya na fara, kafin wata uku ina haɗiye biyar ban karya ba.

Abinci ya fita raina. Ran nan da hantsi na yanke jiki na faɗi a bakin famfo, kumfa a baki, na jiƙa wandona gaban matan da ke layi.

A likita aka sa mini serom, ƙarin ruwan nan, aka ɗebi jini. Lokotoro ya tambaye ni har sau biyu ko ina shan wani abu. Inna, mahaifiyata, da aka kira daga ƙauye, tana zaune bakin gado. Na ce a'a. Wata tsohuwa mai jinya ta ce ai bakin ruwa wurin mutanen ɓoye ne, na yi caraf na riƙe maganar.

Inna ta koma gida ta buɗe tulun irin geronmu, wanda ko da ƙannena ke kwana da dafaffen ganye ba ta taɓa ba, ta kai wa mai magani. Ina ji ina gani. In shaƙi turaren, in zaga bayan ɗaki in haɗiyi ƙwaya. Kaicona!

Da na sake faɗuwa lokotoron ya gane ƙwaya ce, amma bai yi mini faɗa ba. Ya tura ni wani ofishi cikin kartiyenmu inda ake sauraren matasa, kyauta. Sati biyu ina wuce ƙofar, wai kada 'yan fada su ce na haukace.

Matar da ke wurin, Madam Zara, zuwa uku ina zuba mata labarin aljanu, tana saurare kawai. A na huɗu na fashe da kuka, na faɗa mata gaskiya. Ita da lokotoro suka tsara mini ragewa sannu-sannu. Na sha zufa, gudawa, ciwon ƙashi, ga masifa da kowa. Duk Talata mukan zauna da samari irina, kowa ya amayar da abin da ke cinsa.

Sai Madam ta ce saura Inna. Ni ɗan fari ne, ko sunana Inna ba ta faɗa, ta ina zan fara? Madam ta sa aka kirawo ta, ta zauna tsakaninmu. Na faɗi komai, kaina a ƙasa.

Inna ba ta dube ni ba, Madam ta fuskanta. "Ki gaya wa yaron nan, ni na wanke wandon. Tun ranar na ga ƙwayoyin a aljihu. Na ga gara gari ya ce aljanu ne."

Alhamdulillahi, yau ko ƙwayar ciwon kai sai da takardar lokotoro. Allah ya saka wa Madam Zara da lokotoron da samarin Talata da alheri.

Ɗan'uwa, in kana sha, kada ka yanke lokaci ɗaya, je ka likita. In an tambaye ka, faɗi gaskiya tun ranar farko. Shiga ofishin nan, masu dariya su yi ta yi.

Ni da na yi shiru, damina ta gaba ruwa ya sauka, gonar kowa ta yi kore shar. Tamu rabi aka shuka, da ɗan irin da maƙwabta suka sam wa Inna.