Ladanin da Lokaci Ya Kuɓuce Masa

Mahaifina ne ladanin ƙauyenmu, nan bakin iyaka kusa da Magama, tun kafin a haife ni. Muryarsa ba ruwanta da iyaka. Manoman tsallake ma, can ƙasar Faransa, da ita suke ajiye fartanya.

Da tsufa ya kama shi sai ruɗewa ta biyo. Ya ci tuwo ya ce ba a ba shi ba, sunayenmu duk suka zube. Kiran salla kuwa yana nan daram, lokacinsa ne kawai ya kuɓuce masa. Shekarar da aurena ya mutu na dawo gida, sai jinyar ta faɗo kaina.

Wani azumi, bayan la'asar kaɗan, rana na nan ƙiri-ƙiri, ya fita ya rangaɗa kira. Wata tsohuwa makauniya a tsallaken iyaka ta kafa kai ta shanye ƙwaryar kununta.

Washegari ga liman da dattawa a zaure, wai a sa masa mari a ƙafa kamar mahaukaci. Daga bayan zana na ce, "Allah shi gafarta malam, wanda ya tashe ku asuba tun kuna majina? Wallahi sai dai ku fara da tawa ƙafar!" Liman ya yi gyaran murya. Ya ce to, amma in an sake jinsa a waje, ba sauran magana.

Na zuba wa Baba ido kwana biyu, na lura ba ya ɗaga murya sai in ba wanda ya amsa. Shi ke nan. Da ya kai hannu kunne sai in yar da taɓarya, in suri buta, in ce, "Ga mu nan, Baba, an hallara." Sai ya yi kiran a hankali, ya shige gaba, in bi. Akwai ranar da na yi salla goma sha ɗaya. Tuwo ya ƙone, gwiwoyina suka yi kanta. Na gaji, na ji haushinsa, har bayan rumbu na je na yi kuka. Amma mari bai taɓa ƙafarsa ba.

Wata rana da muka sallame ya waiwayo, ya daɗe yana dubana.

"Garin nan duk sun bar salla sai ke," in ji shi. "Ɗiyar wa ce?"

Na ce, "Ɗiyar ladan."

Ya gyaɗa kai. "In kin je gida ki gaishe shi. Ya yi tarbiyya."