Geron da Ke Ƙarƙashin Gadon Kaka

Tun ranar da aka ce ni zan riƙa kula da Kaka, kakan mijina, abu ɗaya nake tsoro: kada ya mutu a hannuna. Na san kowa da ranarsa, amma na san gidanmu. Gandu ne, gona ɗaya, rumbu ɗaya, baki kuwa kowa da nasa. In ya cika ina riƙe da kofin kunu, har jikokina sai sun ji labarin 'yar Dutse da aka ba amanar tsoho.

Ba don na iya wani abu aka zaɓe ni ba. Matan 'ya'yansa surukai ne, kunya ba ta barinsu su taka ɗakinsa. Ni matar jika ce, akwai wasa tsakaninmu. Yana ce mini Amarya, ina ce masa Ango. Da goyona a baya nake share masa ɗaki.

Jiri ne ya kayar da shi a gona lokacin girbi. Baffa, ɗansa da ke aiki a sakatariya a Dutse, ya kai shi asibiti aka ce hawan jini. Ya dawo da shi da magani da doka: ba gona, ba rumbu, ba yi wa awaki harawa. "Baba ya gama wahala," in ji shi. Aka ɓoye fartanyarsa, aka sayo katifa da rediyo. Duk gari aka yi ta sa wa Baffa albarka.

Kaka ya huta. Ya huta har ya daina fita ƙofar gida, ya daina tambayar me aka ɗebo a rumbu. Kafin bazara ta shigo, tuwo ya koma loma biyu. Da hantsi in na ga ya yi shiru, sai in tsaya ina kallon rigarsa, ko tana motsi.

"Amarya, ban tafi ba tukuna," zai ce, ido a rufe. "Gadona kike ƙyalla?"

Wata rana ina shara na janyo wani ƙaramin tulu daga ƙarƙashin gado, an toshe bakinsa da tsumma. Gero ne, cakuɗe da toka. Na ce a raina, Allah sarki tsufa, ya ɓoye abinci ya manta, har ya zuba masa toka. Ni a Dutse na tashi, gero a mudu na san shi. Na bakace, sai ga ƙwaya manya-manya, ban taɓa ganin irinta ba. Na wanke, na surfa, na dama masa kunun tsamiya.

Ya kurɓa, ya tsaya, ya sake kurɓa. Ya shanye tas.

"Wannan kunu kamar na gyatumata," ya ce.

Daɗi ya kama ni. Kullum sai in ɗebi kaɗan. Inna, uwar mijina, ta ga ana fito da kofi wayam, ta ce ashe 'yar birni tana da hannu. Ban faɗa wa kowa sirrin ba, kada a kwaikwaye ni.

Ranar da hadarin farko ya haɗu a gabas, iska ta kawo ƙamshin ƙasa, Kaka ya ɗaga kai.

"Amarya, janyo mini tulun nan. Ki kira mijinki, lokacin ba su iri ya yi."

Na janyo. Ya girgiza shi. Toka ce kawai ta amsa.

"Ina irin?"

"Wane iri, Ango?"

"Geron da ke ciki!"

"Ai shi kake sha."

Ashe zangarniya ɗaya-ɗaya yake zaɓa duk kaka, da hannunsa, tun daga wanda mahaifinsa ya bar masa. Gero ne mai nuna da wuri, ko ruwa ya ɗauke yana kai gida. Tokar kuwa don ƙwari ce. Kowa a gidan ya sani, har 'yan mata. Ni kaɗai ce ban sani ba, ni kaɗai kuma ke shiga ɗakin.

Na durƙusa ina jiran hawan jinin ya gama da shi a gabana. Sai na ga ya sauko da ƙafafu.

"Ina sandata?"

Mijina ya shigo a guje. "Kaka, ka kwanta. Gobe zan sayo iri na zamani a Dutse."

"Ka sayo ka shuka a sakatariya! Kawo babur."

Ya tuna duk wanda ya taɓa ɗibar wa tafi guda. 'Yarsa da ke aure wajen Buji, wani abokinsa a ƙasar Taura. Suka tafi, ni na wuni ina leƙen hanya. Da la'asar ya dawo da ƙura har gemu, da ƙulli ɗaya a aljihu. Ya baje shi a faifai, yana tsince ƙwaya yana faɗa, wai sun gauraya masa da nasu. Ranar malmala biyu ya ci.

Baffa ya zo Juma'a, ya tarar da shi a bakin gona yana gyara wa jikoki yadda ake sara rami. Ya ce lallai maganin nan yana da kyau, a ci gaba da ba shi hutu. Na ce to.

Abin da aka samu kunya huɗu kawai ya shuka. Kaka ya ce bai isa ba, kuma ba zai mutu ya bar mu da geron kasuwa ba. Ni ma ban ƙi kada ya isa da wuri ba. Ya daina ce mini Amarya, yanzu Gara mai cinye rumbu yake kirana. Tulun kuma ya koma saman rumbu, inda hannuna ba ya kaiwa.

Har yanzu yana yawon nema. Don Allah, in wani dogon tsoho ya yi sallama a ƙofar gidanku yana tambayar gero mai nuna da wuri, kada ku shimfiɗa masa tabarma ku ce ya huta. Ku kai shi rumbu ya duba da kansa.