Gwangwanayen Inna a Kasuwar Wudil

Lajawa, ƙarfe biyar da rabi na asuba

Ranar Juma'a ina dawowa daga masallaci kakata Inna Ladi ta danƙa min gwangwanayen madara guda biyu, nauyi kamar dutsen niƙa. Cinikin daddawarta ne na shekara da shekaru: tsabar naira ɗai-ɗai da bibbiyu, da takardun biyar-biyar da goma-goma waɗanda yanzu sai an tona ake ganinsu.

"Likkafanina za ka sayo min a Wudil," in ji ta. "Da gumina nake so a rufe ni. Kuɗin hanya ma a ciki za ka ɗauka. In ka ƙara ko sisinka, ban yafe ba."

Wa yake karɓar tsaba a wannan zamani?

Hanya, shida da kwata

Ɗan acaɓa ya ce ɗari takwas. Na zaro masa biyar-biyar, ya zaro ido.

"Haba Malam! Daga wane rami ka haƙo su?"

Na ce, "An soke su ne ban ji ba?"

Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya cusa a aljihu. Nasara ta farko ke nan.

Wudil, bakwai da minti ashirin

Na sauka kusa da gada, na tsaya sayen ƙosai. Mai ƙosai ta cafe goma-goma da murna, dama canji take nema. Tsabar kuwa ta ture min: "Ɗan nan, ko 'ya'yana ba su san wannan ba."

Layin 'yan yadi, ƙarfe tara

Nan na sha wuya. Na farko ya ce in kai wa maƙera. Na biyu ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Tiransifa kawai, ta waya." Na uku har maƙwabta ya kira su zo kallo. Ga sababbin dubu-dubu nawa a aljihu, wallahi sau biyu hannuna yana kaiwa can ina janyewa.

Wajen sha ɗaya na faɗa rumfar wani dattijo, Alhaji Sule. Na juye gwangwanayen a faranti, na gaya masa gaskiya. Ya ɗebi tsabar ya shinshina.

"Har yanzu ƙamshin daddawa suke yi," ya ce. "Yaro, miƙo min almakashi. Litinin zan kai banki, su ma su sha ƙirga."

Ya yanko farin yadi cif, ya naɗe da kansa. Na fito ina taku kamar wanda ya sayi bijimi.

Lajawa, bayan la'asar

Inna ta shafa yadin, ta dube ni.

"Ba ka ƙara ba?"

"Ko kwabo, Inna."

Sai ta rangaɗa guɗa, ni kuwa ƙwalla ta cika min ido. Alhamdulillahi, Allah ya saka wa Alhaji Sule da alheri. Na miƙa mata tsaba uku da suka rage, ta ce in riƙe, ladan aike ne. Ta tura yadin ƙarƙashin katifa.

"Kada ku sa rai," ta ce. "Gobe ina da dahuwar kalwa."